Dasashina ya ja baya: abin da na tarar a kujerar likitan haƙori

Da sanyin bara abin ya fara damuna. Duk wanda ya san Kano a watan Janairu ya san yadda ruwan buta yake kwana. Da asuba in ka zuba a hannu har yatsu sai sun ƙage. Ina kai ruwan baki zan kurkure, sai na ji wani abu ya tsarga mini daga fiƙar sama ta hagu har tsakiyar ka. Ba irin ciwon haƙorin nan ba ne mai zugi da hana barci. Wannan farat ɗaya yake zuwa, kafin ka ce wash ya ɗauke. In iska ta shiga bakina a kan babur, sai ya motsa. Shayi mai zafi ma haka. Kunun tsamiya kuwa ba a magana.

Na yi dabarun da kowa yake yi. Na koma ɗumama ruwan alwala, na mayar da tauna ɓangaren dama. A ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa kowa ya zama likita: wannan ya ce in danna kanumfari, wancan ya ce tsutsa ce ta shiga, a nemo mai cire ta. Maiɗakina ce ta faɗi maganar da ta tsaya mini a rai. Muna cin tuwon dare ta ƙura mini ido ta ce, "Malam, haƙoran nan naka na gefe fa kamar tsawo suke ƙarawa." Na ce mata mutum ya haura arba'in, ina haƙori zai ƙara tsawo? Amma da na shiga ɗaki na ɗage leɓe a gaban madubi, na haska fitilar waya, sai ga shi. A wuyan fiƙar, inda a da nama ya rufe, akwai wani ɗan fili rawaya-rawaya, launinsa daban da na sauran haƙorin. Na kai farce, farcen ya faɗa cikin wani ɗan kwarmi, na kuwa zabura don zafi.

Abin da ya ɗaure mini kai, ni ba ƙazamin baki ba ne. Ban taɓa yin kogon haƙori ba. In na je sayen buroshi mai shago ya ce "mai ƙarfi ko mai laushi?", mai ƙarfi nake ɗauka, don a wajena mai laushi na yara ne. Buroshi ba ya wata a hannuna bai baje ba. Ran Juma'a kuma akwai gawayi da gishiri, abin da muka taso muka ga ana yi a gidanmu, ga asuwaki kullum a aljihun gaba. To me ya rage?

Asibitin gwamnati na je, ɓangaren haƙori. Sai ka yi sammako, ka yanki kati, ka biya, ka nemi wuri a benci. Yawancin waɗanda na tarar cire haƙori ne ya kawo su. Wani ya ɗaure muƙamuƙi da rawani, wata kuncinta ya kumbura har ido ya kusa rufewa, ga yaro yana ta kuka a cinyar uwarsa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tambaye ni wanne za a cire mini. Na ce babu, Baba, dubawa kawai na zo a yi. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Lallai kana da lokaci." Haka muke da haƙori, sai ya hana mu barci muke tunawa da likitansa, lokacin kuwa sau da yawa ba abin da ya rage sai filaya.

Likitar mace ce, matashiya, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Kafin ta ce in buɗe baki sai da ta jero tambayoyi. Ina shan taba? Ina da ciwon suga, ko akwai mai shi a gidanmu? Wane magani nake sha kullum? Ina ganin jini in na tofar da makilin? Na ce wani lokaci, kaɗan, kuma ai ƙarfin gogewa ne. Ba ta ce komai ba, ta dai rubuta. Sai ta yi wata tambayar da ta ba ni dariya: "Malam, da wane hannu kake goge baki?" Na ce da dama mana, Likita. Ta ce, "To bari mu gani, ina jin hagu ce ta fi shan wuya." Ashe mai goge baki da dama galibi ɓangaren hagu ya fi dirza, don nan hannunsa ya fi samun ƙarfi.

Ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa, bakinsa ba tsini, an yi masa zane-zanen awo na milimita. Ta ce tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan rami na halitta, wanda a lafiyayyen baki zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne. In ya kai 4 ko ya wuce, dasashi ya fara sakin haƙori ke nan. Kowane haƙori wuri shida ake aunawa, uku ta waje, uku ta ciki. Tana zura ƙarfen a hankali tana kiran lamba, wata ma'aikaciya a gefe tana rubutawa. Biyu, ɗaya, biyu. Biyu, biyu, uku. Ba wani zafi, ɗan tsikari ne. Da ta iso haƙoran gaba na ƙasa ta ciki sai lissafi ya canza: huɗu, biyar, jini. Biyar, jini. Ina kwance baki buɗe ina bin ta da ƙirga, duk sanda ta haura uku sai gabana ya faɗi.

Da ta gama ta miƙo mini madubin hannu, ta sa nata ɗan ƙaramin a bayan haƙorana na ƙasa. Wallahi tun da nake ban taɓa ganin wurin nan ba. Wani abu ne ruwan ƙasa, wani wurin baƙi, ya yi dandamali a gindin haƙora huɗu, ya haɗe su har ba ka ganin tsakaninsu. Dasashin da ke kewaye ja wur, a kumbure, yana sheƙi. Harshena ya saba jin wurin sumul, na ɗauka haka Allah ya halicce shi.

Ta ce, "Malam, matsala biyu ce a bakinka, kuma ba su haɗa dangi ba. Ta sama kai ka kankare. Ta ƙasa kuma ba ka taɓa isa wurin ba."

Ta fara da ta saman. Dasashin fiƙa da na haƙora biyun da ke bayanta lafiyarsa lau, ba kumburi ba jini, ramin bai wuce 2 ba, amma ya ja baya da milimita 3. Fiƙa a kusurwar baki take, ta fi sauran turowa waje, ƙashin da ya rufe saiwarta ta gaba kuma siriri ne, don haka ita buroshi yake fara samu. Shekara da shekaru ana dirza ta a kwance, gaba da baya, da gashi mai tauri, ga gawayi yana taya aiki, nama ya gaji ya janye. Farin da muke gani a haƙori wani rufi ne wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, amma iyakarsa wuyan haƙori. Saiwa ba ta da shi. Abin da ya lulluɓe ta ɗan siriri ne mai laushi, buroshi ba ya daɗewa ya cinye shi, sai a iso wani sashi mai dubban ƙananan kafofi da ido ba ya gani, dukkansu sun nufi jijiyar da ke tsakiyar haƙori. Akwai ruwa a cikin kafofin. Sanyi ko zafi ko tsami ya taɓa, ruwan ya motsa, jijiya ta amsa. Tsargawar da nake ji ke nan. Kwarmin da farcena ya faɗa kuwa, buroshina ne ya haƙa shi.

Ta ƙasan labarinta daban. Kullum akwai wani farin datti mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, wanda in ka kankara da farce da safe za ka gan shi. Ba ragowar abinci ba ne kawai, taron ƙwayoyin cuta ne. In an goge shi ya tafi. In an bar shi, cikin 'yan kwanaki sinadaran da ke cikin yawu sun fara daskarar da shi ya zama dutse, daga nan kuma ba buroshi ba asuwakin da zai iya da shi. Bayan haƙoran gaba na ƙasa ya fi taruwa saboda mafitar yawu tana nan ƙarƙashin harshe, daf da su. Goro da shayi su suka rina nawa. Dutsen nan mazaunin ƙwayoyin cuta ne. Dasashi ya kumbura yana yaƙi da su, yana jini, in yaƙin ya daɗe sai ya fara cin ƙashin da ke riƙe da saiwa. Ƙashi na sauka, nama na bin sa. Ta ce in tuna katangar ƙasa da indararo yake zuba a gindinta: sama lafiya lau da yaɓenta, ƙasa tana zaizayewa damina bayan damina, ranar da za ta faɗi sai a ce ba zato ba tsammani.

Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya zafi. Nan na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa. Yana da ciwon suga, kuma a shekarunsa na ƙarshe haƙoransa sun yi zaƙo-zaƙo suna girgiɗi, ɗaya bayan ɗaya suka zube, wani ma a cikin lomar tuwo, kowanne kuma ya fita lafiyayye, ba kogo ba tsaga. Duk gida muka ce tsufa ne. Ba wanda ya kawo suga a maganar, balle dasashi. Likita ta ce su biyun ɗaure wa juna gindi suke: suga in bai daidaita ba yana raunana jiki wajen yaƙar ƙwayoyin cuta, ciwon dasashi kuma in ya tsananta yana wahalar da daidaita suga. Shi ya sa ta rubuta mini gwaji. Washegari na je ban karya ba aka ɗebi jini. Ta ce in lambar ta kai 7.0 a ma'aunin da suke amfani da shi, sai an sake dubawa da kyau. Tawa ta fito ƙasa da haka nesa, alhamdu lillahi.

Abin kuma ashe ba na gidanmu ba ne kawai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce ciwon dasashi mai tsanani yana jikin kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, mutum fiye da biliyan 1. Wato kusan ɗaya cikin biyar. Da na ga haka sai na fara kallon bakin masu ba ni shawarar kanumfari da wani ido.

Na tambayi likita, to duk mai dirzar baki haka yake ƙarewa? Ta ce a'a. Wani an haife shi da dasashi mai kauri, ya yi ta gurza bai ga komai ba. Wani nasa siriri ne, kaɗan ya ishe shi. Gado ne. Haƙorin da ya fito ya goce daga layi shi ma ya fi saurin tsiraita. Masu juna biyu dasashinsu kan kumbura ya yi jini saboda sauyin jiki, in aka ji tsoron jinin aka daina gogewa sai abin ya zarce. Masu cizon haƙora cikin barci ana yawan ganin irin kwarmin nan a bakinsu, ta ce in tambayi uwargida ko tana jin ƙara da dare. Amma wadda ta fi jaddadawa taba ce, ta sha da ta gari da ake cusawa a leɓe. Taba tana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, sai dasashin mai shan ta ya ƙi yin jini ko da ciwon ya yi nisa, ya rasa alamar da za ta farkar da shi. In an zo magani ma ba ya kama shi yadda yake kama wasu.

An ɗauki hoton haƙoran ƙasa. Ɗan allo ne ake sa maka a baki ka riƙe. Ta nuna mini inda ya kamata ƙashi ya tsaya, kusa da wuyan haƙori, da inda nawa ya tsaya. Ya sauka, amma fiye da rabin saiwar tana binne. Ta ce da sauran gyara. Aka ba ni ranar wankin haƙori.

Nan fa 'yan shawara suka sake tasowa. Kada ka yarda, wankin haƙori shi ke sa girgiɗi. Wance ta je an wanke mata, ta dawo da giɓi. Injin kankare farin haƙori yake yi. Da na koma na kwashe duka na faɗa wa likita, ba ta yi dariya ba. Ta ce masu faɗa ba ƙarya suke ba a kan abin da suka gani, fassarar ce ta kauce. Wanda ciwon ya riga ya ci masa ƙashi, dutsen ne ya haɗe haƙoransa ya tallafe su. Ana cirewa sai girgiɗin da ke ɓoye ya bayyana, kafar da dutse ya cike ta buɗe. "Ba mu muka yi ramin ba, Malam, mu dai mun kwashe abin da ya rufe shi ne. In an bar shi kuma, ramin ƙaruwa zai yi."

Ranar wankin aka kwantar da kujera, aka ɗaura mini ƙyalle a ƙirji, ga fitila a ido. Injin ɗan ƙaramin abu ne mai bakin ƙarfe, yana karkarwa fiye da sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, yana fesa ruwa a lokaci guda. Ba yanka yake ba, girgiza dutsen yake har ya saki. Ƙararsa siririya ce mai shiga kunne, in ya taɓa turame har cikin ƙwaƙwalwa kake jin ta. Ma'aikaciyar ta rataya mini wani bututu a gefen baki yana zuƙe ruwa da yawu, ta ce in na ji zafi in ɗaga hannun hagu. A yawancin wurare ban ɗaga ba. Da aka zo wuyan fiƙar nan kuwa, hannu da ƙafa duk suka tashi. Can sai na fara jin ɓarɓashi a kan harshe, ƙaras-ƙaras. Da aka ce in kurkure in tofar a ɗan kwanon da ke gefe, sai ga gutsattsari baƙaƙe da ruwan ƙasa cikin jini, wani ya kai ƙwayar gero, wani ya fi. Ana cikin yi wuta ta ɗauke, muka zauna jiran a ta da janareta, ni baki cike da auduga, ma'aikaciyar tana yi mini fifita da katina. Daga ƙarshe aka goge haƙoran da wani ɗan roba mai juyawa da mai mai ƙamshin na'ana'a.

Ina sauka daga kujera harshena ya zarce bayan haƙoran ƙasa. Ya tarar da haƙora huɗu, kowanne da gefensa, da kafofi a tsakaninsu har iska tana wucewa. Duk yinin ranar bai bar wurin ba.

Inda ramin ya kai 5 bai ƙare a nan ba. An sake ba ni rana don a shiga ƙarƙashin dasashi a kankare jikin saiwar. Wannan da allurar kashe zafi ake yi. Allurar ce abin tsoro, amma tsikarin farko ne kawai. Bayan 'yan mintoci leɓena na ƙasa ya zama ba nawa ba. Da ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa ta yi aikin, ina jin ƙarar kankarewa a kaina amma ba zafi. Da na fito na sayi ruwan leda, ina sha yana zuba a rigata ban sani ba, mai adaidaita yana leƙo ni ta madubi. An ce in riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, aka kuma rubuta mini wani maganin kurkura mai ɗaci, kulohekzidin, na mako 2 kawai, don in aka daɗe a kansa yana rina haƙori, musamman ga mai shan shayi irina.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi wuya. Sanyin ƙaruwa ya yi maimakon ya ragu, saboda saiwar da dutse ya lulluɓe yanzu a fili take. Kumburi ya saɓe, jan ya tafi, dasashi ya tsuke, amma da ya tsuke sai ya ƙara sauka. Haƙoran ƙasa suka ƙara tsawo a ido, ga 'yan baƙaƙen kafofi masu kusurwa uku a tsakaninsu. Maiɗakina ta ce na samu wushirya kyauta da girmana. Ni kam ban ga abin dariya ba. Likita ta faɗa mini tun farko, amma ji daban, gani a madubi daban. A ganina nan ne mutane da yawa suke yanke cewa asibiti ya ɓata musu baki, su ƙi komawa, su kuma hana wasu zuwa. Da a ce ana ɗaukar wa mutum hoton bakinsa ko da waya ne kafin a fara, a nuna masa kumburin da ya ɓoye ɓarnar, da an rage wannan zargi.

Sai koyon goge baki, ina ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Ma'aikaciyar ce ta zaunar da ni da wani ƙaton muƙamuƙin roba da ƙaton buroshi, ta ce in nuna mata yadda nake yi. Na dunƙule hannu a kan buroshin na fara, ta ce, "Tsaya, Malam, faɗa kuka yi da shi?" Riƙon biro za a yi masa, da yatsu uku, don a haka ko ka so ba za ka iya dannawa da ƙarfi ba. Buroshi mai laushi, mai ƙaramin kai. A karkata gashin ya kalli inda haƙori ya haɗu da dasashi, a ɗan jijjiga a wuri ɗaya, haƙora biyu ko uku, sannan a share zuwa bakin haƙorin. In an zo bayan haƙoran gaba a tsayar da buroshin a tsaye. Minti 2, safe da dare, na daren ya fi muhimmanci don yawu raguwa yake cikin barci. A canza buroshi duk wata 3, in kuwa ya baje kafin nan to hannu ne ya yi nauyi. Dattin nan laushi gare shi kafin ya daskare, ba ƙarfi yake so ba, a isa inda yake kawai. Ta ƙara da cewa in na ga jini kada in kauce wa wurin, nan ne ma ya fi bukatar buroshin. A kwanakin farko sai in gama in ji kamar ban yi komai ba, hannu yana ta neman komawa ga abin da ya saba.

Makilin ta ce in duba kwalinsa in ga akwai fulorayid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, tsakanin 1,000 zuwa 1,500 ppm (awon yawansa ke nan da ake rubutawa a kwalin), domin saiwar da ta fito fili ta fi saman haƙori saurin ruɓewa. Aka ba ni shawarar irin na masu jin sanyi, mai fotasiyam naitiret, da sharaɗin in yi haƙuri, ba rana ɗaya yake aiki ba, sai an yi makonni. In na gama in tofar kawai, kada in kurkure da ruwa. Wannan ya fi komai ba ni wuya. Bayan lemo ko zoɓo ko tsamiya kada a goge nan take, a bari kamar rabin awa, don tsami yana tausasa fuskar haƙori. Gawayi da toka da gishiri ta ce a yi musu sallama: farin da suke bayarwa kankarewa ce, abin da aka kankare kuma ba ya dawowa. Tsinken tsintsiya da ashanar da muke sakace da su bayan tsire su ma haka. Ta nuna mini zaren sakace, da wani ɗan mitsitsin buroshi da ake zurawa tsakanin haƙora. Ba kowane kemis ke da su ba, sai manyan kantunan magani.

Batun asuwaki ni na tayar, da ɗan zafi ma, don na zaci za ta ce in bari. Sai ta buɗe jakarta ta nuna mini nata. Ta ce sunna ce, kuma yana aiki in an iya. Matsalar busasshen icce ne da ba a jiƙa ba, da dirzawa a kwance, da mutumin da zai bar shi a baki tun azahar har la'asar yana hira yana gurzar wuri ɗaya, musamman da azumi. A yanke bakin da ya tsufa, a jiƙa, a tauna har ya yi laushi, a riƙa sharewa daga dasashi zuwa bakin haƙori. Sannan gashin asuwaki a miƙe yake da sandarsa, shi ya sa gaban haƙora yake samu cikin sauƙi; bayan na ƙasa, inda dutsena ya taru, sai mutum ya nufe shi takanas. Na darbejiya ne ko ɗan Makka, duk ɗaya ne.

Kwarmin fiƙar an cike shi da wani abu mai launin haƙori, aka haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. Shi ne aikin da na fi ganin amfaninsa nan take: a wurin likita ta fesa masa iska, ko gezau ban yi ba.

Bayan kamar wata biyu aka sake awo. Inda aka kira 5 yanzu 3, wuri ɗaya ne ya tsaya a 4, jini ko ɗigo babu. Sai a lokacin maiɗakina ta faɗa mini cewa akwai wani wari da ta daɗe tana ji da safe tana kawaici, shi ma ya tafi.

Amma dasashin fiƙa yana nan inda yake, milimita 3 ɗinsa. Na ce, "Likita, yaushe zai dawo?" Ta ce, "Ba zai dawo ba, Malam. Abin da muka yi, mun tsayar da shi ne." Na kawo mata zancen mai da garin da ake talla a kafafen sada zumunta, wai suna tsirar da dasashi cikin mako. Ta ce kumburi yana saɓewa, jini yana tsayawa, amma naman da ya tafi da ƙashin da ya sauka ba sa tsirowa da shafe-shafe. Hanyar rufe saiwa tiyata ce: a yanko ɗan nama daga ganɗa a dasa a wurin a ɗinke, ko a jawo dasashin da ke kusa a lulluɓa. Ƙwararrun dasashi ne suke yi, galibi a asibitocin koyarwa. Ta fi kamawa inda ƙashin da ke tsakanin haƙora bai taɓu ba, wato fiƙata ta sama za ta iya, na ƙasa kuwa da wuya su rufe duka. Kuma ba kowa ke bukata ba. Ana yi ne in janyewar tana ci gaba, ko sanyin ya ƙi jin magani, ko abin yana damun mutum in ya yi murmushi. Ni leɓena yana rufe wurin, sanyi ya lafa, kuɗin makarantar yara kuma yana jira. Muka tsaya a kan a sa ido. Ta rubuta awon kowane haƙori a fayil ɗina, ta ce in riƙa dawowa duk wata 3 tukuna, in lambobi sun zauna a koma wata 6. Wanda ƙashinsa ya taɓa sauka ba a sallamarsa gaba ɗaya, don dutse sake taruwa yake.

Ƙanena direban babbar mota ne, taba ba ta barin yatsunsa. Da ya zo gida na ce ya ɗage leɓe in gani. Ya ce, "Haba Yaya, ni fa bakina bai taɓa jini ba." Na duba. Haƙoransa biyu na ƙasa sun fara rabuwa, na taɓa ɗaya da yatsa ya motsa. Na faɗa masa abin da taba take yi wa jinin dasashi. Ya yi shiru, can ya ce in ya dawo daga Legas zai je, har na yankar masa kati. Ya dawo daga Legas ɗin, ya sake lodi zuwa Fatakwal, katin yana wajena.